Mijina na Uku

Litinin, 7 ga Janairu 1963, ƙarfe tara na safe

Wannan littafin na mijina ne, Likita Ambrose Kearton. A ciki ya kamata a rubuta sunayen marasa lafiyar bana. Ba za a rubuta ba, shi ya sa na ɗauka. Rabona da rubuta abin da ke raina tun ina budurwa a gidan mahaifina. Yanzu shekarata hamsin da takwas, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a gonar Raine ba. Wilf Raine ne ya zo ya ɗauke mu a tarakta, don dusar ƙanƙara ta toshe hanyar mota tun kafin sabuwar shekara. A wannan taraktar aka sauko da 'yarsa Doreen da la'asar, a naɗe cikin barguna, aka wuce da ita babban asibiti. Shekararta tara.

Na ɗauke jakarsa ta aiki na kulle a kabad ɗin zannuwan gado. Makullin yana wuyana.

Ambrose ya ci ƙwansa, ya sha shayi kofi biyu, ya ce barcin jiya ya yi masa daɗi.

Talata, 8 ga Janairu, bayan azahar

Likita Lowrie ya zo. Shi ne matashin da Ambrose ya ɗauka shekara uku da suka wuce su riƙa duba mutanen kwarin nan tare. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi, ya tsaya kusa da murhu yana juya hularsa. Ya ce tun bazara ya lura da rubutun da ke kan takardun magani, kuma ya san ba hannun Ambrose ba ne. Na ce rubutuna ya fi nasa kyau, kowa ya sani. Bai yi dariya ba.

Ya ce daga yau Ambrose ba zai ƙara taɓa mara lafiya ba. Na ce na riga shi yanke wannan. Sai ya kawo zancen asibitin kan tudu, inda ake ajiye waɗanda hankalinsu ya gushe. Wai likitoci biyu za su sa hannu, shi ɗaya, wani daga can ɗaya, amma dole sai matarsa ta nema a rubuce.

Na ce to matarsa ba za ta nema ba.

Da zai fita ya juyo ya ce, “Lady Averil, laifin ba nasa ba ne, kin sani.”

Na sani.

Laraba, 9 ga Janairu, da yamma

Doreen ta buɗe ido. Matar mai kanti ce ta gaya wa Misis Alderson, mai yi mana girki. Na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa na ɗan jima.

Juma'a, 11 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya

Kwana uku ke nan yana neman jakar. Ya duba mota, ya duba ƙarƙashin gado, ya duba har cikin tanda. Ya zargi Misis Alderson, matar da ta shekara ashirin da shida a gidan nan, tun matarsa ta fari tana raye. Ta ce masa, “Likita, ni in zan yi sata ai cokulan azurfa zan ɗauka, me zan yi da almakashinka?” Ya yi dariya ya manta. Bayan rabin sa'a ya sake farawa.

Bututun ruwa ya daskare. Dusar ƙanƙara muke narkarwa a tukunya. Ni da na tashi da masu aiki goma sha tara a gida, yau na koyi kunna murhu da takarda uku da ashana ɗaya. Misis Alderson ta ce hannuna bai yi laifi ba, in aka yi la'akari da inda ya fito.

Lahadi, 13 ga Janairu, bayan coci

Na je ni kaɗai. Na zauna a bencinmu na gaba kamar kullum. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, ba kuma wanda ya tambayi Likita. A ƙauyen da shi ya karɓi haihuwar rabin mutanen da ke cikin cocin.

Zan koma mako mai zuwa, in zauna a wurin.

Laraba, 16 ga Janairu, da la'asar

Judith ta iso daga Landan, 'yar Ambrose ta wajen matarsa ta fari. Jirgin ƙasa ya yi awa goma sha ɗaya a hanya. Lowrie ne ya buga mata waya, ba ni ba, kuma ta tabbatar na san ta lura da haka.

Uban ya gane ta. Ya rungume ta, ya tambaye ta makaranta. Shekararta talatin da bakwai, 'ya'yanta uku. Na ga fuskarta ta canza, na tausaya mata, har na kusa kama hannunta. Da na kama da na ji kunya, domin muna shiga kicin ta juyo kaina.

Ta tambaya tun yaushe. Na ce shekara ɗaya da 'yan watanni. Ta tambaya wa na gaya wa. Na ce babu. Ta ce wato na riƙa tuƙa shi gida-gida, ina tsaye a bayansa ina raɗa masa sunayen mutane, ina rubuta masa magani, ni da ban taɓa karatun ko ɗaurin ciwo ba. Na ce haka ne. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Sai ta ce ta je ta ga asibitin kan tudu a hanyarta, ba laifi, akwai ɗumi. In sa hannu kawai.

“Ke ma kin huta, Averil. Ki tafi bakin teku a Faransa ko wani wuri mai rana. Ai ba yau kika fara haɗa akwati ba.”

Na ce mata shayinta yana hucewa.

Alhamis, 17 ga Janairu, da safe

Gaskiya ta faɗa, don haka bari in rubuta, ko sau ɗaya a rayuwata, ba yadda jaridu suka rubuta ba.

Na auri Gervase, basarake mai sarautar Lord Marlcombe, ina da shekara ashirin. Ba wanda ya tilasta ni. Gidansa na gani, da dawakinsa, da yadda kowa ke miƙewa idan ya shigo. Mutum ne mai gaskiya wanda bai taɓa yi mini magana mai zafi ba, bai kuma taɓa yi mini mai daɗi ba. Shekara bakwai muna cin abinci a kan tebur mai tsawon jirgin ruwa, shi a can ni a nan. Sai ga Rollo Strake, matuƙin jirgin sama, mai dariya kamar an ɓare ganga. Wata safiyar Talata na ce zan je wurin mai ɗinki. Ɗana Piers yana kan bene da rigar barci, shekararsa shida, ya ce in sayo masa alewa. Na ce to. Ban dawo ba, Rollo na bi.

Kotu ta bar Piers a hannun ubansa. Sau huɗu na gan shi tun daga ranar, biyu a jana'iza. Yanzu shi ne Lord Marlcombe, kuma idan ya zama dole ya rubuto mini, da “Lady Averil” yake farawa.

Ban sayi alewar ba. Na sha tunanin ko da na saya na aika.

Asabar, 19 ga Janairu, tsakar rana

Wasiƙar Yaya Lionel. Wai in komo gida, ɗakina na dā yana nan, matarsa ba za ta damu ba. Wai tun farko ya ce 'yar gidanmu ba ta dace da likitan ƙauye ba, amma ba zai tuna mini ba. Ya tuna mini a shafi biyu.

Na amsa masa a layi uku. Na gode, ina gaida matarsa Cynthia, ba inda za ni.

Litinin, 21 ga Janairu, da yamma

Judith ta koma wajen 'ya'yanta. Ta bar takardar asibitin a kan teburin zaure, ta ɗora mata tulun furanni kada iska ta ɗauke. Ban taɓa ta ba. Misis Alderson tana share ƙura ta kewaye ta.

Talata, 22 ga Janairu

Rana mai kyau. Ya karanta mini jarida, ya gyara mini yadda nake faɗin sunan wani magani.

Alhamis, 24 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Minti goma na yi a ɗakin kwal. Da na dawo ƙofar gaba a buɗe, babbar rigarsa tana rataye, takalman cikin gida babu.

Na bi sawunsa har gada, daga nan iska ta shafe. Na yi ta kiran sunansa, muryata tana dawo mini. Ban san iya lokacin da na yi a tsaye ba. Sai na ji ƙarar tarakta tana saukowa daga hanyar tudu. Wilf Raine ne, Ambrose a gefensa, an lulluɓe shi da buhun abincin tumaki da rigar Wilf ɗin. Ya same shi wajen mil biyu daga nan, yana tafiya gonarsu. Wai akwai yarinya mai zazzaɓi da ya yi alkawarin komawa ya duba.

Wilf ya sauko da shi a hannu kamar ɗan rago, ya kai shi har gaban murhu, ya cire masa jiƙaƙƙun safa da kansa. Ambrose yana ta ce masa, “Yaya 'yar taka, Wilf? Ta sha ruwa da yawa.” Wilf ya ce ta gode, Likita.

Ni bai dube ni ba. Na yi masa godiya, ya ɗauki rigarsa ya fita.

Yatsun ƙafar Ambrose ba su mutu ba, Lowrie ya duba. Bai ambaci takardar ba, ya dai kalli teburin zaure da zai wuce.

Juma'a, 25 ga Janairu, da safe

An sallamo Doreen jiya, ashe Wilf ya kai ta gida ke nan, ya sake saukowa, ya ga Ambrose a hanya. Gobe zan hau gonar. Misis Alderson ta ce, “Ranki ya daɗe, ki rubuta musu wasiƙa mana, ai irinku wasiƙa kuke rubutawa.” Na ce wasiƙa na bar wa Gervase, wasiƙa na bar wa Rollo, takardata ta ƙare.

Asabar, 26 ga Janairu, da magariba

Mil uku, awa biyu da rabi. A wasu wuraren dusar ta kai mini ƙugu, sai na bi kan katangar dutse.

Edna Raine ce ta buɗe. Ta bar ni na shiga don sanyi kada ya shigo, ba don ni ba. Yarinyar tana kan kujera kusa da murhu da 'yar tsanarta, ta rame, amma ta yi mini murmushi. Na gaishe ta. Ba ta amsa ba. Uwar ta zagaya ta ɓangaren dama ta maimaita mata da ƙarfi, sannan ta ce, “Sannu.” Kunnen hagu ya tafi. Na dama likitoci sun ce a jira a gani.

Na faɗi abin da na zo faɗa, a tsaye. Na ce Likita ya fi shekara ba shi da lafiya, ni kaɗai na sani, ni na ɓoye, ni na kawo shi gidansu ranar. Na ce in za su kai ƙara, sunana za su kai, zan tsaya gaban kowa in maimaita. Wilf yana bakin ƙofa yana kallon takalmansa.

Edna ta dubi 'yarta. Sannan ta ce Likita ne ya karɓi haihuwar 'ya'yanta huɗu, ya kwana biyu a kan wannan kujerar lokacin da na farin ya zo a juye, kuma ko za a yanka ta ba za ta iya tsanarsa ba.

“Amma ke,” ta ce, “a nan kika zauna, na ba ki shayi a kofin baƙi. Kina kallo yana zuƙar allurar. Kin sani, kika sha shayina.”

Na ce haka ne.

Ta tambaye ni don me. Na yi niyyar cewa don shi, don aikin nan shi ne ransa. Amma ban hau mil uku don in yi mata ƙarya ba. Na ce don idan na faɗa za a raba ni da shi, kuma na ji tsoro.

Ta ce ba za su kai ƙara ba, ba don ni ba. Ta ce kada in ƙara zuwa. Wilf ya ce zai sauke ni a tarakta, ta ce ƙafar da ta kawo ni za ta mayar da ni. Ta yi daidai. Na sauko da ƙafata.

Lahadi, 27 ga Janairu

Ban iya tashi zuwa coci ba. Za su ce tsoro ne. Gwiwoyi ne.

Laraba, 30 ga Janairu, da la'asar

Ya ga igiyar makullin a wuyana.

Alhamis, 31 ga Janairu, da safe

Rubutun ya karkace saboda da hagu nake yi. Na zame a kan matakala, haka na gaya wa Misis Alderson. Ta dubi wuyan hannun, ta dubi wuyana, ta ce matakalar gidan nan ta fara fitar da yatsu. Ta ɗauke wuƙaƙen kicin ta kai gidanta, ta bar guda ɗaya a aljihunta.

Na ba shi jakar. Na kwashe komai daga ciki, na bar abin sauraron ƙirji da bandeji. Tun da ya riƙe ta ya kwanta da hankalinsa. Da tun farko na yi haka.

Asabar, 2 ga Fabrairu, da yamma

Rollo nake tunani yau, ban san dalili ba. Ko na sani.

Shekara goma sha ɗaya na yi da shi. Uku na farko ban taɓa yin dariya irin tasu ba. Daga nan kwalba ta shigo tsakaninmu, kuma idan ya sha hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Washegari ya yi kuka, ya sayo furanni. A Alƙahira na bar shi, ana tsakiyar yaƙi, yana barci a ɗakin otal da takalmansa a ƙafa. Bayan shekara biyu ya mutu a wani asibiti, ba kowa a kansa. 'Yan'uwansa sun ce ni na kashe shi. Wannan ban karɓa ba, har yau. Na Piers na karɓa.

Rollo ya san abin da hannunsa ke yi. Bambancin ke nan, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne.

Litinin, 4 ga Fabrairu, ƙarfe goma

Yau bai san ni matarsa ba ce. Ya ɗauka mara lafiya ce ta zo ganinsa, kamar ranar da muka fara haɗuwa, shekara goma sha biyar da suka wuce, na zo hutu ƙauyen nan da tari a ƙirji da suna a jaridu. Ya miƙe da na shigo ɗaki, ya ja mini kujera, ya ce, “Lady Averil, me ke tafe da ke?”

Na miƙa masa hannun. Ya kwance ɗaurin da Lowrie ya yi, ya yi tsaki, ya ce wane ɗan koyo ne wannan. Yatsunsa ba su manta komai ba. Ya taɓa kowane ƙashi a hankali, ya sake ɗaurewa, zafin ya ragu nan take. Sai ya juya hannun ya ga shatin yatsu huɗu. Ya ɗaga kai ya dubi wuyana.

“Mijinki ne?”

Na ja wuyan rigata na rufe.

“Ki gafarce ni, ba hurumina ba ne. Amma na ga irin wannan da yawa a kwarin nan, kuma ba ya raguwa. Ba dole ba ne ki zauna. In ba ki da wurin zuwa, zan nemo miki.”

Na ce, “Na bar biyu, Likita. Wannan ba zan bar shi ba.”

Ya girgiza kai, ya ce duk haka suke cewa. Ya ce in dawo ranar Alhamis ya sake dubawa.

Talata, 5 ga Fabrairu

Ba inda za ni. Ba inda za shi.

Juma'a, 8 ga Fabrairu, da la'asar

Judith ta bugo. Na ce lafiya lau muke. Ta ce Misis Alderson ta rubuta mata. Na juya na dubi Misis Alderson, ta ci gaba da fere dankalinta, ta ce in zan kore ta in bari ta gama miya.

Laraba, 13 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

Ya farka shi ne. Ambrose ɗina, gaba ɗayansa. Na gane tun daga yadda ya kira sunana.

Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce wannan ɗaurin nasa ne. Na ce eh. Ya ce abin da ke ƙarƙashin ɗaurin fa? Na ce matakala. Ya ce, “Averil, shekara arba'in ina jin labarin matakala.”

Sai ya tambayi 'yar Raine. Ban san abin da ya rage masa na ranar ba, amma ya san akwai wani abu. Na gaya masa. Duka, har kunnen. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana haka ba. Bai yi kuka ba. Ya tambayi sunan maganin da yawansa, na faɗa, ya rufe ido.

Ya ce ya san asibitin kan tudu, shi da kansa ya kai mutum goma sha wani abu can, ba aljanna ba ce amma ƙofofinta suna kulluwa. Ya ce ba sai an yi masa takardar dole ba, da ƙafarsa zai shiga, in kira Lowrie yau tun yana iya sa hannu da sunansa. Na ce a'a. Na ce zan sa sakata a ƙofofi, zan ɗauko ma'aikacin jinya namiji, zan kwana a bakin ƙofa. Na yi ta magana. Ya bari na gama.

“Kin ɓoye ni sau ɗaya don kina so na, yarinya ta biya,” ya ce. “Kada ki sake. Ki kai ni kafin in manta na roƙe ki.”

Lowrie ya zo ƙarfe goma sha ɗaya. Ambrose ya sa hannu, rubutu tsaf. Kafin abincin rana ya koma neman jakarsa, tana kan cinyarsa.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Ba wanda ya ji abin da ya roƙa sai ni. Takardar da ya sa wa hannu tana cewa ya yarda ne kawai. In na ce ya fasa, ba mai musa mini.

Asabar, 16 ga Fabrairu, da yamma

Kwana uku ina juya maganar. Na gano cewa wannan taurin kan da nake ta yi wata guda, rabinsa don shi ne, rabi don kada Judith da Yaya Lionel da Piers su ce ga shi nan, ta sake barin miji. Shi bai kamata ya biya mini wannan ba.

Zan kai shi. Amma ba a ce sai na dawo gida ba.

Laraba, 20 ga Fabrairu, da la'asar

An buɗe hanya jiya. Na tuƙa mil goma sha takwas zuwa garin da ke gindin tudun. Akwai mai gidan burodi daura da ƙofar asibitin, gwauruwa ce, Misis Hird, tana da ɗaki a sama. Gado ɗaya, kujera ɗaya, taga tana kallon ƙofar. Ta ji sunana ta ce ɗakin bai dace da ni ba. Na ce ɗumin tanda yana hawowa? Ta ce har ya yi yawa. Na ce ya dace.

Daga nan na shiga wurin shugabar ma'aikatan jinya. Mace ce gajera mai idon shaho. Ta ce ziyara Laraba da Lahadi ne, awa ɗaya, ko 'yar sarki ce. Na ce ba ziyara na zo nema ba, aiki na zo nema. Ta tambaya me na iya. Na ce hawan doki, Faransanci, da kunna murhu. Ta ce ba su da doki. Na tambaye ta mutum nawa ne a ɗakin maza tsofaffi ba sa iya ci da kansu, kuma hannu nawa take da shi a lokacin abinci. Ta ce goma sha huɗu, hannu biyu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce manyan mata irina sukan zo da kwandon lemo kafin Kirsimeti, ba su taɓa wuce mako ba.

Na ce ta ba ni makon.

Litinin, 25 ga Fabrairu, da yamma

Mun kai shi. Judith ta zo, ta zauna da shi a baya. Ya ɗauka an kira shi duba marasa lafiya ne, ya shiga da jakarsa yana gaida kowa. Da aka juya makulli a bayansa bai waiwayo ba.

A mota Judith ta ce tana tsammanin Faransa zan nufa. Na nuna mata tagar da ke saman gidan burodi. Ta hau ta ga ɗakin, ta zauna a kan gadon, ta yi kukan da ba ta yi a gaban ubanta ba. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da za ta tafi ta ce labulen nan ba zai tare komai ba, za ta aiko da wani.

Misis Alderson za ta riƙe gidan. Ta ce in na ƙona wa Misis Hird ɗaki kada in ce ita ta koya mini.

Laraba, 27 ga Fabrairu

Wani tsoho ya tofa mini kunu a fuska. Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kwana biyu.

Lahadi, 3 ga Maris, da la'asar

Na rubuta wa Piers. Ban roƙe shi komai ba, na dai gaya masa abin da ya kamata ya ji daga bakina tun shekara talatin, da inda nake yanzu. Ba na jin zai amsa. Na jefa a akwatin gidan waya da hannuna kafin in sake tunani.

Laraba, 6 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa yana zuba daga kowane rufi. Makon ya wuce tun shekaranjiya, shugabar ba ta ce komai ba, sai yau na tarar an rataye mini farar rigar aiki a ƙusa, an rubuta “Kearton” a wuyanta.

Ambrose nake bari na ƙarshe kullum wajen ciyarwa, don in daɗe. Yau ya ƙi buɗe baki. Ya ce ba zai ci ba sai matarsa ta zo, kwana da kwanaki bai gan ta ba, kuma ba halinta ba ne. Na tambaye shi yaya take, ko zan gane ta.

Ya ce doguwa ce, ko ƙwai ba ta iya dafawa ba, tana tuƙi kamar ana bin ta. Ya ce mutane suna faɗin maganganu a kanta, kada in saurara, ba su san ta ba.

“In kin gan ta a bakin ƙofa ki shigo da ita. Tana da girman kai, ba za ta ƙwanƙwasa ba.”

Na ce na gan ta ɗazu, ta ce lallai ya ci abincinsa, gobe da safe tana nan.

Ya dube ni, ya ce to, tunda ita ta ce. Ya cinye tas, har da tuffar da ba ya so.

Gobe ƙarfe bakwai. Za a koya mini aski.